Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki daga Al'ummar Hausawa Mazauna Legas

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki. A madadin sarakunan Hausawa, malamai, 'yan kasuwa da direbobinmu na Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Apapa, muna yi wa Mai Martaba barka da sauka Ikko.

Ranka ya daɗe, zamanmu a nan ya daɗe. Turawan Ingila sun karɓe garin daga hannun sarkinsa Oba Dosunmu a 1861, kuma a 1863 wani hafsansu mai suna Glover ya kafa rundunarsa da Hausawa. Ikko ta riƙe babban birnin Najeriya daga 1914 har 1991. In Allah ya so, Sarki zai ga fadar sarkin Ikko ta Iga Idunganran, Masallacin Shitta-Bey na 1894, da Dandalin Tafawa Ɓalewa inda aka ɗaga tutar 'yanci a 1960. Za a kuma bi da shi ta gada ta uku mai tsawon kilomita 11.8.

Amma inda muke roƙon Sarki ya tsaya sosai shi ne tashar jiragen ruwa. A da rairayi ya toshe bakin shigowa, sai manyan jirage su tsaya can cikin teku, ana jidar kaya da ƙanana. Da aka jera katangun dutse biyu aka yashe mashigar, sai suka fara shigowa a 1914. Katangun nan kuwa su suka tare yashin da ke ciyar da gaɓar Bar Beach, teku ta yi ta cin ƙasa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, dalar gyaɗa da fatu suka riƙa gangarowa nan. An buɗe tashar Tin Can a 1977, ta Lekki mai zurfi a 2023.

Yau riɗi, citta da zoɓon Arewa ne ke cika kwantenoni, kuma abin da ke ɓata su daga gona yake farawa. A shanya kaya a gefen kwalta su kwashi tsakuwa, a ɗura a buhu da sauran danshi, mota ta yi kwanaki a layin Apapa cikin raɓar teku, sai fumfuna ta kama. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar wakenmu saboda yawan maganin ƙwari, abin da har yau yake mana ciwo.

Muna roƙon Sarki ya umarci hakimai da dagatai su ja hankalin manoma kan shanya a tamfol, busarwa sosai, da adana wake a buhu mai ninki uku maimakon zuba magani.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya maida shi gida lafiya.