Cunkoson Birane da Motar da Babu Direba

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa huɗu na rubuto a takardar nan, shugaban taro kuma ya ce kada in wuce lokacin da aka ba ni. Za mu gwada.

Na farko, faɗaɗa titi. Duk wanda gosulo ya taɓa riƙewa, abin da yake fara zuwa masa a rai shi ne titin ya yi kaɗan, a ƙara masa layi. An gwada, ba sau ɗaya ba. A birnin Houston na Amurka akwai babbar hanyar da ake kira Katy, an gama faɗaɗa ta a 2008, inda ta fi faɗi ta kai layi 26 idan an haɗa da na gefe. Ba a ɗau shekaru da yawa ba ta sake cika. Dalilin ba wani boyayye ba ne: da hanya ta buɗe, mai fita da asuba don gudun cunkoso zai koma fita da hantsi, mai shiga bas zai ɗauko motarsa, wani kuma ya je can bayan gari ya gina gida tunda hanya ta yi sauƙi. Masanin tattalin arziki Anthony Downs ya bayyana wannan tun 1962. A 2011 wasu masana biyu, Duranton da Turner, suka duba biranen Amurka, suka samu cewa yadda aka ƙara tsawon titi, kusan haka tafiyar motoci take ƙaruwa. Wannan ke nan, ba zan daɗe a kai ba.

Na biyu, shi ne wanda ya kawo ni. Ku gyara zama.

Kana tafe a babbar hanya, sai ka ga jan wutar birki ta jeru a gabanka. Ka tsaya. Ka matsa taku biyu, ka sake tsayawa. Kana cewa a ranka lallai babbar mota ce ta faɗi, ko kuwa aikin hanya ake yi. Can sai hanya ta buɗe, ka duba hagu ka duba dama, babu komai. Ba haɗari, ba rami, ba jami'in tsaro. To wa ya tsayar da kai?

A Japan, wani malamin kimiyya, Yuki Sugiyama, da abokan aikinsa sun gwada abin, aka buga sakamakon a 2008. Fili suka samu, suka zana zobe mai kewayen mita 230, suka jera motoci 22 da tazara iri ɗaya. Aka ce wa direbobi abu guda: kowa ya riƙe gudun kilomita 30 a awa, ya yi ta zagaye. Ba mahaɗa, ba fitilar ba da hannu, ba mai tsallaka titi. Akwai bidiyonsa a intanet, don Allah idan kun koma ku nema. Da farko gwanin sha'awa, kowa na tafiya daidai. Sai ka ga wata mota ta ɗan matsa kusa da ta gabanta. Direban ya taɓa birki, taɓawa kawai. Na bayansa bai gani ba sai bayan kusan daƙiƙa ɗaya, don haka ya taka fiye da na farko. Na uku ya fi na biyu. Kafin a kai ga na shida ko na bakwai, mota ta tsaya cak. A zoben da babu abin da ya tare kowa!

Ga inda abin ya fi burge ni. Motoci gaba suke yi, amma cunkoson baya yake tafiya. Na sake faɗa: baya yake tafiya. Na gaba yana fita daga cikinsa, na baya yana shigowa, shi kuma dunƙulen yana ja da baya da gudun kusan kilomita 20 a awa, kuma kusan wannan gudun ake aunawa a manyan hanyoyi na gaske. Ke nan wanda ya taka birkin da ya tsayar da kai, wataƙila ya kai gida har ya cire takalmi. Kai kuwa kana nan kana danna oda, kana zagin na gabanka, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. (Dariya.) Malam na ga kana murmushi, da alama jiya ka yi.

Me ya sa haka? Saboda ɗan Adam ba ya iya riƙe tazara daidai. Yana makara wajen taka birki, yana makara wajen taka totur, kuma idan ya taka sai ya wuce gona da iri. Idan motoci kaɗan ne, tazarar da ke tsakani takan shanye kuskuren. Idan suka yi yawa babu inda kuskure zai mutu, sai dai kowa ya miƙa wa na baya da ƙari.

To, a jihar Arizona ta Amurka wasu injiniyoyi sun maimaita zoben nan, sakamakon ya fito a 2017. Motoci ashirin da 'yan kai, direbobi mutane, amma guda ɗaya kwamfuta ce ke kula da gudunta. Guda ɗaya fa. Aka bari cunkoso ya haɗu kamar na Japan, sannan aka kunna kwamfutar. Abin da ta yi bai taka kara ya karya ba: ta daina rige-rigen cike gurbi. Idan na gabanta ya zabura, ba ta bin sa; ta bar tazara, ta riƙe matsakaicin gudu. Lokacin da ya sake tsayawa, ita ba ta iso ba tukuna, don haka ba ta taka birki ba, na bayanta ma bai taka ba. Dunƙulen ya watse. Man da motocin ke sha ya ragu sosai, a wani zagayen har kusan kashi 40 cikin 100. A Nuwamban 2022 aka fitar da gwajin daga zobe zuwa babbar hanya ta gaske kusa da Nashville, da motoci 100 a cikin dubban masu zuwa aiki da safe.

Ku lura, motar nan ba ta ma tuƙa kanta gaba ɗaya ba, gudu kawai aka ba kwamfuta. Hasali ma kai da ƙafarka za ka iya yin rabin aikin: bar tazara, daina zabura. Matsalar ita ce da ka bar gurbi wani zai kutso hancinsa ciki, jininka ya hau, shi ke nan an koma gidan jiya. Kwamfuta ba ta da zuciya, shi ne duk fifikonta a kanmu.

Na uku... ina ne? An ɗaga min hannu, lokaci. To bari in haɗa sauran.

Kada ku fita ku ce na ce mota mai tuƙa kanta za ta kashe cunkoso. Tana maganin wanda ƙafar direba ta haddasa. Wanda yawan motoci ya haddasa, ba ruwanta. Layi ɗaya na babbar hanya motoci wajen 2,000 yake wucewa da su a awa, a cikin gari mai fitilu bai kai haka ba, kuma mafi yawansu mutum ɗaya ko biyu ne a ciki. Ko da direba ko babu, mota wurin mota take ci. Abin da ya fi wannan, tana iya yawo babu kowa ciki: ta sauke ka a ofis, ta koma gida, ta dawo ɗaukarka, tafiya biyu ta zama huɗu. A yankin San Faransisko an ba gidaje 13 direban kyauta na mako ɗaya don a kwatanta zama da irin motar nan, nisan da motocinsu suka yi ya ƙaru da kusan kashi 80 cikin 100.

Abin da ya yi aiki an san shi, sai dai ba shi da farin jini. Kuɗin shiga tsakiyar gari lokacin cunkoso: Singafo ta fara a 1975, Landan a 2003, Sitokhom ta ƙasar Suwidin ta gwada a 2006, motoci masu shiga suka ragu da kusan kashi 20 cikin 100, aka tabbatar da tsarin a 2007. Sai bas mai layinsa na kansa, irin na Kuritiba a Barazil tun 1974 da Bogota a Kolombiya tun 2000. Na biyar, a'a, huɗu na ce ko? To na huɗun ke nan. Tambaya.

Wata daga cikin mahalarta: Malam, idan motar mai tuƙa kanta an tsara ta ba za ta taɓa buge mutum ba, me zai hana masu tafiya a ƙasa su riƙa shiga gabanta duk inda suka ga dama? Ai sai ta wuni a tsaye.

Hajiya, kin taɓo inda yake yi wa injiniyoyin ƙaiƙayi. Da farko dai, “ba za ta taɓa ba” ya yi yawa. A Maris na 2018, a garin Tempe na Arizona, motar gwaji ta Uber ta kashe wata mata da ke tsallaka titi da dare tana tura keke, alhali akwai mai sa ido zaune a bayan sitiyari. Amma tambayarki tana nan. A 2023 masu adawa da motocin nan a San Faransisko sun gano cewa idan aka ɗora mazugin robar nan na masu aikin hanya a kan bonet, motar sai ta tsaya, ta kunna fitilu, ta jira ma'aikaci ya zo ya cire. Ma'aikatan kashe gobara na birnin ma sun yi ta ƙorafin cewa motocin na tsayawa su tare musu hanya.

Tsakanin direba da mai tsallakawa akwai ciniki na ido: ka kalle shi, ya kalle ka, ya ɗaga maka hannu ko ya yi maka fitila. Motar kamfanin Waymo, mai tuƙa kanta, tana da kyamarori da rada da na'urar da ke auna nisa da hasken leza, tana ganinki sarai, amma ke wa za ki kalla? Don haka biranen da suka karɓe su za su zaɓa: ko su bar mai ƙafa ya rinjayi mota, tafiya ta yi sanyi a tsakiyar gari, ko su kafa shinge su tilasta wa mutane tsallakawa a wurare ƙididdigaggu. Ni dai na fi son na farkon, domin unguwar da mutane suka fi motoci yawa bai kamata a killace mutanen ba. Masu sayar da motocin kuwa na biyun zai fi musu daɗi, kuma su ne ke da lauyoyi.

Akwai wani hannu a can baya, amma shugaba ya miƙe tsaye. Malam ka same ni a waje.