Ɗan 2 Ɗin Nan da Ke Kan Sakan

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? Madalla. Abubuwa uku zan taɓo yau a kan sauya ma'auni.

Na farko gudu ne, kuma ba ya da wuya. Mota na tafiyar kilomita 72 a awa, ana son amsar a mita a sakan. Kilomita mita 1000 ce, awa kuma sakan 3600, ka raba 3600 da 1000 ga 3.6, sai ka raba 72 da 3.6, ka samu 20. Mu wuce.

Na biyu kuwa, ku buɗe kunne, don a nan ake zubar da maki. Ƙaruwar gudu. Ka saki dutse daga sama, gudunsa zai riƙa ƙaruwa da mita 9.8 a sakan, a kowane sakan. Kun ji? A sakan, a kowane sakan. Ba in'ina nake ba, da gangan na faɗa sau biyu! (dariya) Shi ya sa ake ɗora ɗan 2 a kan harafin s na sakan, a rubuta m/s². Ɗalibi sai ya ɗauka ado ne, ya ninka 9.8 da 3.6, ya samu 35 da 'yan kai, ya miƙa takarda yana murmushi. Abin da ya samu kilomita a awa ne a kowane sakan. In kuwa aka ce masa kilomita a awa a kowace awa, dole 3600 ta shiga sau biyu. Sau biyu fa, na sake faɗa. Ka ninka 3600 da 3600, ka raba da 1000, ga 12,960. Ninka ta da 9.8, amsar ta haura 127,000. Ina 35, ina 127,000?

Kada ku raina ma'auni. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, saboda ɓangare ɗaya ya yi lissafin ƙarfi da ma'aunin fam, ɗayan da ma'aunin niyutan. Manyan injiniyoyi ne fa.

Ina muka tsaya? Na uku... a'a, ga hannu can.

"Malam, in direba ya taka birki fa? Ai gudun raguwa yake."

Yauwa, ɗiyata, kin taɓo wurin. Lissafin ɗaya ne, alamar ragewa kawai za ki sa. Motar nan mai mita 20 a sakan, in ta tsaya cik cikin sakan 4, kowane sakan tana zubar da 5. Ki rubuta -5, kuma don Allah kada ki manta ɗan 2 ɗin. Na ukun sai mako mai zuwa.