Silon Hilux Yana Hawa da Sauka: A Nemi Iskar da Ba a Auna Ba

Assalamu alaikum, masu kallo. Tambayar da ta fi yawa daga masu a-kori-kura a 'yan kwanakin nan ita ce ta rikicewar silo. Silo shi ne juyin inji lokacin da ba a taka totur ba; rikicewarsa kuwa shi ne mota tana tsaye a firi amma allurar juyin inji tana hawa da sauka, ko injin ya yi ta karkarwa har ya mutu a kan danja. Motar da ke gabanmu Toyota Hilux ce mai injin fetur 2TR-FE, lita 2.7.

A fara barin injin ya ɗauki zafi, domin da safe al'adarsa ce ya wuce juyi 1,000 a minti kafin ya sauko ya zauna kusa da 700. A kashe fitilu da na'urar sanyaya mota, a duba fulogi da matatar iska da kan batir. Waɗannan duk an san su, ba za mu tsaya a kansu ba.

Inda ake ɓata hanya shi ne mataki na gaba. Da yawa suna ganin silo ya rikice sai su ce a wanke bakin totur ko a canja nozul, alhali ba a tambayi ta ina iska ke shiga ba. Ku dubi wannan sensar da ke bayan matatar iska. Ita ce ke auna duk iskar da injin ya shaƙa, ta sanar da ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ƙwaƙwalwar ta saki fetur daidai da abin da aka gaya mata. Idan akwai tsagewa a wani wuri bayan sensar, iska za ta shiga ba tare da an ƙirga ta ba, fetur ya yi kaɗan, injin ya nemi mutuwa, ƙwaƙwalwa ta ƙara mai don ta ceto shi, juyi ya tashi, sannan ta sake ragewa. Hawa da saukar da kuke gani ke nan.

Dalilin da ya sa matsalar ke ɓoyewa a kan hanya kuwa shi ne, a silo ƙofar totur kusan a rufe take, iskar da injin ke samu 'yar kaɗan ce, kuma zuƙar da ke cikin manifol, wato bututun da ke rarraba iska ga silindojin inji, tana da ƙarfi, saboda haka ƙaramin rami ma yana da tasiri babba. Da an taka totur, iska mai yawa ta shigo ta hanyarta, abin da ramin ke ƙarawa sai ya zama ba a bakin komai ba.

Wannan bambanci shi ne gwajinmu. A jona na'urar bincike, a nemo layin da aka rubuta LTFT, wanda ke nuna yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa a kan ƙa'ida. Idan a silo ya haura kashi 10 cikin 100, sannan aka riƙe injin a juyi 2,500 ya sauko kusa da sifili, to iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Idan kuwa lambar ƙaruwa take yi yayin da juyi ke tashi, sai a koma ga famfon mai ko ga sensar kanta, wadda ƙurar hunturu ke yawan rufewa. Lambar matsala ta P0171, wadda na'urar ke iya nunawa, tana cewa ne kawai mai ya yi kaɗan, ba ta faɗin dalili, kuma a ganina babbar asara ce a sayi kaya saboda ita kaɗai.

Yanzu sai neman ramin. A lanƙwasa babban tiyon iska a duba cikin ninkinsa na ƙasa, inda zafin rana da na inji ke busar da roba. A bi tiyon PCV, wato wanda ke mayar da tururin cikin inji zuwa manifol, da wanda ke zuwa tulun birki, sannan gasket ɗin manifol. Hura hayaƙi a cikin hanyar iska shi ne mafi aminci, domin fesa maganin wanke kafireto a kan inji mai zafi yana iya tayar da gobara.

Ga tamu nan, tsagewa ce a ƙarƙashin tiyo. Bayan an canja shi, a goge lambar matsalar da na'urar bincike, a bar motar a silo na wasu mintoci ta sake daidaita kanta, kuma kada a taɓa sukurun da ke jikin totur, domin a wannan injin ƙwaƙwalwa ce ke riƙe da silo.