Zhuilu, Hanyar da Aka Sassaƙa a Jikin Dutse

Jama'a, akwai wani siririn layi da ya ratsa jikin dutse can sama. Hanya ce, kuma da ƙafa ake bin ta. Sunanta Zhuilu, tana cikin gandun Taroko, a yankin Hualien da ke gabashin Taiwan.

Ana farawa ne da haye wata gada mai lilo a kan kogin Liwu. Daga nan sai hawa, matakala bayan matakala a cikin kurmi, har gwiwa ta fara kuka. Wajen kilomita 3 ake yi, amma abin da ke kawo mutane shi ne mita 500 na ƙarshe. A nan faɗin hanyar bai kai mita ɗaya ba. Gefe guda bangon dutsen marmara ne da igiyar riƙewa a kafe a jikinsa. Ɗaya gefen babu shinge, babu komai, sai rami mai zurfin sama da mita 500. In ka leƙa, motocin da ke titin ƙasa kamar tururuwa suke.

To, wa ya sara wannan dutse? Asali ƙasar al'ummar Truku ce, mafarauta da masaƙa, waɗanda ke yin zane a fuska alamar cikar mutum. A 1914 gwamnan mulkin mallaka na Japan a Taiwan, Sakuma Samata, ya jagoranci dubban sojoji ya ci su da yaƙi. A 1917 aka tilasta wa samarinsu faɗaɗa tsohuwar turbar da ƙafa ɗaya kawai take ɗauka. Da igiya a ƙugu suka riƙa reto a jikin dutsen, suna sara, suna dasa nakiya. Abin da ya fi ciwo, hanyar ta 'yan sanda ce, an yi ta ne don a sa wa iyayensu ido. A Badagang, tsohon ƙauyensu da ke kan hanyar, ginshiƙan siminti na ƙofar ofishin 'yan sandan sun daɗe a tsaye. Daga baya aka haramta zanen fuskar, aka sauko da mutanen daga tsaunukansu. Sai a 2004 gwamnatin Taiwan ta amince da Truku a matsayin al'umma mai sunan kanta.

Mai niyyar zuwa ya sani, dama can ba a shiga sai da takardar izini, kuma ana ƙayyade yawan masu hawa a kullum. Girgizar ƙasar 3 ga Afrilu, 2024 ta rugurguzo duwatsu a Taroko har aka rufe hanyar, don haka a fara tambayar hukumar gandun kafin a ɗaura takalmi.