Sojan Amurka mai jin Hausa: me ya kai tawagarsu Tongo Tongo?

[Hoton sojan cikin kaki]

Jama'ar Yamai da kewaye, assalamu alaikum. Wannan hoton, da zarar Oktoba ya kama sai ya sake ɓullowa a WhatsApp da Facebook, kowa da labarin da yake liƙa masa. Wani ya ce ɗan leƙen asiri ne, shi ya sa yake jin Hausa. Wani ya ce shi ya jagoranci hari a kan ƙauyen Tongo Tongo. Ko ɗaya ba haka ba ne. Sunansa Bryan Black, saje ne a rundunar musamman ta sojan Amurka, kuma aikinsa jinya. Yana cikin Amurkawa 4 da aka kashe ranar 4 ga Oktoban 2017 a jihar Tillaberi, tare da sojojin Nijar 4 da tafinta ɗaya.

[Taswirar Amurka, sannan hotunan ƙuruciyarsa]

Rayuwarsa a gurguje. A Puyallup ya tashi, wani gari a jihar Washington, can arewa maso yammacin Amurka. Ba birnin Washington na fadar shugaban ƙasa ba, kada ku haɗa su. Tun yana yaro gwani ne a darar Turawa, ya kuma yi kokawa a makaranta. Ba irin tamu ta takobi ba dai, babu makaɗi, babu kirari, babu laya a damtse. Ya karanta harkar kasuwanci a jami'a, ya koma wani garin duwatsu a Kalifoniya yana koya wa mutane zamiya a kan ƙanƙara, a can ya haɗu da matarsa Michelle. Sai a 2009 ya shiga soja, yana da shekara 27. Ya rasu yana da 35, ya bar mata da 'ya'ya maza 2.

[Sojoji masu koriyar hula suna atisaye]

To batun Hausar fa? Rundunar da yake ciki ita ce ta masu koriyar hula, kuma koyon harshen waje yana cikin horon kowane ɗayansu. Asalin aikinsu shi ne su zauna da sojojin wata ƙasa, su horar da su, su ba su shawara, su raka su sintiri. Rukuni na 3 da Black yake ciki mazauninsa barikin Fort Bragg a jihar Karolina ta Arewa, kuma Afirka ce aka ba shi. Cikakkiyar tawaga mutum 12 ce: kaftin da mataimakinsa, babban saje, mai tattara bayanai, sai mutum biyu-biyu na makamai, na gini da nakiya, na sadarwa, da na jinya. Mai jinyar nan ana koya masa ɗinke rauni, cire haƙori, karɓar haihuwa, har da duba dabbobi, saboda inda ake tura shi asibiti ya yi nisa. Yanzu ku faɗa mini, wanda zai tambayi soja ina ke maka ciwo, ba ya bukatar harshe? Iyalinsa sun ce a wani zuwa da ya yi Nijar kafin wannan ne ya dage ya koyi Hausa. Gaskiya ne Wallam ƙasar Zarmaganda ce, amma duk wanda ya san bariki da kasuwa a ƙasar nan ya san inda Hausa ke kai mutum.

Shin tawagar tana tattara bayanai? Tana yi, babu sojan da ba ya yi. Amma wannan daban, ɗan leƙen asiri mai ɓoye kamanninsa daban.

[Hotunan mutum huɗun a jere]

Ku dubi sauran ukun. Dustin Wright, shekara 29, daga Jojiya, shi ma mai koriyar hula ne. Jeremiah Johnson, shekara 39, daga Ohayo, masanin makamai masu guba. La David Johnson, shekara 25, daga Fulorida, bakanike ne mai gyaran motocin tawagar. Johnson ɗin nan biyu ma'aikatan tallafi ne da aka haɗa su da tawagar, sai a 2021 aka ba su koriyar hula ta girmamawa, bayan mutuwarsu.

[Taswirar Wallam zuwa iyakar Mali. A tsaya a kanta.]

Yanzu ku gyara zama, nan ne wurin da labarin ke karkacewa a bakin mutane. Tongo Tongo ba ya cikin shirin tafiyar ko kaɗan. Babu wanda ya tashi daga Wallam da niyyar zuwa ƙauyen. A hanyar komawa gida suka tsaya. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, daga ina suke dawowa, kuma wa ya tura su?

Aikin sau uku yana sauya kama cikin yini ɗaya da dare ɗaya.

Na farko. Safiyar 3 ga Oktoba suka fita daga Wallam, wajen kilomita 100 arewa da Yamai. Amurkawa 11, sojojin Nijar sama da 30, cikin motoci marasa sulke, irin akori-kura da Land Cruiser da muke gani kullum a titi. Takardar da aka miƙa wa manya ta ce za su yankin Tiloa ne su duba hanya, su gana da shugabannin al'umma. Binciken ma'aikatar tsaron Amurka daga baya ya ce takardar ba ta faɗi gaskiyar niyyar ba, wai akwai neman wani kwamandan 'yan ta'adda mai suna Dundu Shefu. Me ya sa takarda ke da muhimmanci? Domin da ita ake auna haɗari. Idan ka rubuta ganawa da dattawa, ƙaramin hafsa ya isa ya sa hannu, kuma babu wanda zai tanadar maka jirgi. Idan ka rubuta kamun kwamanda, maganar sai ta hau sama.

Sun je Tiloa, ba su sami Dundu Shefu ba, sun yi ganawarsu, sun juyo. Da a nan aka tsaya, da yau ba mu san sunan Bryan Black ba.

[Kibiya ta biyu ta fito daga Arlit]

Na biyu. Suna kan hanyar dawowa sai bayani ya zo cewa an gano sansanin Dundu Shefu kusa da iyakar Mali. Aka tsara cewa wata tawaga daga Arlit za ta taso cikin jirage masu saukar ungulu ta kai samamen. Mutanen Wallam aikinsu kawai su matsa kusa, su tare hanya, su zama 'yan agaji. Wato har yanzu ba su ne a gaba ba.

[Kibiyar Arlit ta ɓace]

Na uku, kuma nan ne aka yi aika-aikar. Yanayin sama ya ɓaci, jiragen Arlit suka fasa. Hankali zai ce idan masu samame sun fasa, 'yan rakiya ma su koma gida. Ba a yi haka ba. Daga hedikwatar da ke Chadi aka ce mutanen Wallam su ƙarasa su kaɗai. Kaftin ɗin tawagar ya nuna damuwarsa, ya ce mutanensa sun gaji kuma ba da shirin wannan suka fito ba. Aka ce ya ci gaba. Kamar ka aiki yaro kasuwar Katako sayen ƙusa ne, yana hanyar dawowa ka kira shi ka ce ya zarce daji ya kamo maka zaki.

Suka kwana suna tafiya cikin duhu, a hanyar da ba hanya ba. Da asubar 4 ga wata suka isa sansanin, babu kowa. Suka bincika abin da aka bari, suka lalata wani babur, suka juya. Jirgi marar matuƙi da ke shawagi a kansu aka bar shi yana sa ido a can wajen iyaka. Ku lura da kyau: mutanen da ba su yi barci ba, a motoci marasa sulke, sun shiga har gidan abokin gaba sun bar sawu, yanzu za su koma kudu ba mai kallon hanyarsu daga sama. Kuma a wannan dajin, ƙurar ayarin motoci ba ta ɓoyuwa ga mai babur da wayar salula.

A ra'ayina, wannan umarni na uku shi ne gundarin labarin. Duk abin da ya biyo baya daga nan ya fito.

[Hoton ƙauyen, rijiya, bukkoki]

Ruwa ya kai su Tongo Tongo. Sojojinmu na bukatar ruwa da abin kari, aka tsaya, aka zauna da dattawan gari, zaman ya yi tsawo. An yi ta zargin cewa da gangan aka ja shi, har aka tsare mai garin. Ni dai zan ce ku yi hattara da yanke wa ƙauye hukunci daga Yamai. Soja na zuwa ya tafi, masu babura kuwa da dare suke dawowa su tambayi wa ya yi magana da wa.

[Zanen motoci a kan hanya. Babu hoton gawa.]

Wajen ƙarfe 11:40 na hantsi, sun ɗan bar ƙauyen kenan, wuta ta buɗe daga bayansu. Da farko sun zaci 'yan tsiraru ne, suka sauka suka mayar da martani. Ashe mayaƙan sun haura 100, da babura da motoci da manyan bindigogi. Aka ba da umarnin janyewa, cikin hayaƙi da ruɗani motar Amurkawa ɗaya ta rage a baya. Black yana tafe a gefenta, yana fakewa da ita yana harbi, aka same shi. Cikin Amurkawan shi ya fara faɗuwa. Wright da Jeremiah Johnson suka ja shi, suka ga rai ya yi halinsa, suka ruga. Aka harbi Johnson, Wright ya tsaya a kansa, a nan aka kashe su duka.

La David Johnson kuwa da sojojin Nijar 2 suka gudu da ƙafa. An kashe biyun, shi ya kai kusan kilomita ɗaya, ya fake a ƙarƙashin wata bishiyar ƙaya yana harbi har aka gama da shi. Sai bayan kwana 2 aka ga gawarsa.

An yi kusan awa ɗaya ana faɗa kafin kiran neman agaji ya fita. Jiragen Mirage na Faransa sun taso daga Yamai, amma ba su saki bam ba, don ba sa iya bambance namu da nasu. Shawagi suka yi ƙasa-ƙasa har maharan suka watse.

Bidiyon da aka ciro daga kyamarar hular ɗayansu, wanda 'yan ta'addan ƙungiyar IS suka watsa a 2018, muna sane da shi, kuma ba za mu nuna ba. Don Allah ku ma ku daina turawa. Farfagandar makasa ce, kuma mutanen nan suna da iyaye da 'ya'ya.

[Majalisar dokokin Amurka]

Abin dariya cikin kuka: da labarin ya isa Amurka, manyan sanatoci irin su Lindsey Graham suka ce su ba su san suna da sojoji masu yawa haka a Nijar ba. Kusan 800 ne a lokacin. Da sun tambayi mai shayin bakin hanyar filin jirgi, da ya ba su labari kyauta.

A watan Mayun 2018 aka fitar da taƙaitaccen rahoto mai shafi 8 daga binciken da ya haura shafi 6,000. Ya ɗora nauyi mai yawa a kan ƙananan hafsoshi da ƙarancin horo. An rubuta wa wasu takardar gargaɗi, ba a gurfanar da kowa a kotu ba. Michelle Black ba ta gamsu ba. Ta bi abokan mijinta da suka tsira ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, ta fitar da littafi a 2021 inda ta ce an kare manyan da suka ba da umarni, an bar na ƙasa da laifi. Shi kuwa Black an binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington.

Sunayen Amurkawan nan da garuruwansu da shekarunsu, cikin minti ɗaya za ka same su a intanet. Na sojojinmu da suka faɗi a fili ɗaya, a rana ɗaya, sai ka yi tono. Wannan ya daɗe yana ci mini rai, kuma ba Amurka ce za ta gyara mana shi ba.

[Taswirar iyakoki uku, sunaye suna fitowa ɗaya bayan ɗaya]

Saura a taƙaice. Bayan harin gwamnatin Nijar ta amince jiragen Amurka marasa matuƙa su riƙa ɗaukar makamai. A Mayun 2019 an sake yi wa sojojinmu kwanton ɓauna kusa da Tongo Tongo, 28 suka kwanta dama. Inates, Disambar 2019, soja 71. Shinagodar, Janairun 2020, soja 89. Allah ya jiƙansu. Shugaban ƙungiyar da ta ɗauki alhakin harin na 2017, Adnan Abu Walid al-Sahrawi, Faransa ta kashe shi a 2021.

A watan Maris na 2024 gwamnatin soja ta soke yarjejeniyar tsaro da Amurka. A Yuli sojojinta suka bar sansanin jiragen sama na 101 a nan Yamai, a Agusta suka bar na 201 a Agadas, zuwa tsakiyar Satumba an kammala ficewa. Sintirin hanyar Wallam zuwa iyakar Mali yanzu yana wuyan sojojin Nijar.