Gida Aka Jingina, Ba Tukunyar Miya Ba

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

A shekarar 2012, a garin Twentynine Palms da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, 'yan kwangilar da bankin Wells Fargo ya tura suka ɓalle ƙofar gidan wasu dattawa, mata da miji, suka kwashe kayan ciki. Gidan nan babu ko sisin bashi a kansa. Wani gida dabam da bankin ya ƙwace saboda bashi aka tura su, adireshi suka yi kuskure. Abin haushi, bayan an kai ƙorafi, sai aka sake komawa gidan karo na biyu. Bankin ya ba da haƙuri. To, haƙuri yana dawo da kayan da mutum ya gada daga mahaifinsa?

A bar maganar kuskuren adireshi ma. Mu ɗauka bashin gaskiya ne, mai gida ya yi wata shida bai biya ba. Abin da aka jinginar wa banki gida ne, wato ƙasa da ginin da ke kanta. Katifa ba ta cikin yarjejeniya. Takardun makarantar yara, maganin hawan jinin uwar gida, hotunan aure, tukunyar miya, babu ɗaya da aka sa wa hannu a kai. A dokar Amurka, mutum yana da haƙƙin zama a gidansa har sai an yi gwanjonsa, kuma ko bayan gwanjon, in bai tashi ba, kotu ce za ta ba da umarni, jami'inta ne zai zo ya fitar da shi. Ɗan kwangila mai guduma da sabon kwaɗo ba kotu ba ne.

Bayan rikicin tattalin arziki na 2008, miliyoyin gidaje suka faɗa hannun bankuna. Bankunan suka ɗauki kamfanonin kula da gidaje, su kuma suka ba ƙananan 'yan kwangila aikin a kan kuɗi kaɗan. Mutum ya zo da mota, ya ga ciyawa ta yi tsawo, wasiƙu sun taru a bakin ƙofa, ya rubuta cewa ba kowa a gidan. Shi ke nan. Mai gida yana asibiti ko ya tafi aikin dare, ya dawo ya tarar makullinsa ba ya shiga, kayansa suna bola.

Bankuna suna cewa takardar bashi ta ba su ikon tsare gidan da aka gudu aka bari, don kada ɓarayi su sace bututu ko sanyi ya fasa su. Gaskiya ne, akwai wannan sharaɗi. Amma tsarewa aka ce! A ina tsare gida ya zama loda gadon mutum a bayan mota? Kuma gidan da firjinsa ke aiki, takalman yara na bakin ƙofa, wane ne ya gudu ya bar shi?

Wannan ne ya sa a 2013 babbar lauyar gwamnatin jihar Ilinoi, Lisa Madigan, ta maka Safeguard Properties, ɗaya daga cikin kamfanonin kula da gidajen nan, a kotu, bisa zargin fasa gidajen da mutane ke ciki, da sauya makullai, da kwashe kaya. A 2015 aka sasanta a kan dala miliyan 1. Ni dai kuɗin sun yi mini kaɗan, amma aƙalla an nuna cewa abin yana da hukunci.

Wanda aka yi wa haka yana da ƙofofi. Zai iya kai ƙarar kutse cikin gida, da ƙarar riƙe ko lalata kayansa, ya nemi diyya daga banki da kamfanin da ya turo mutanen, don kowannensu zai so ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi. In alƙali ya ga ganganci, yana iya ƙara kuɗin horo a kai. Akwai kuma hukumar kare masu hulɗa da bankuna, CFPB, da ofishin babban lauyan jiha. Ɗan haya a gidan da banki ya ƙwace ma dokar tarayya ta 2009 ta ba shi sanarwar kwana 90 kafin a tashe shi. A Kalifoniya, ko an fitar da mutum bisa doka, yana da kwana 15 na karɓar kayansa.

Inda gizo ke saƙar shi ne shaida. 'Yan sanda sukan ce wannan rigimar bashi ce, a je kotu. A dage sai sun rubuta rahoto. A ɗauki hoton ƙofa da sabon kwaɗon da takardar da aka manna a jiki, don a nan sunan kamfanin yake. A zauna a ranar a rubuta abin da ya ɓata, ɗaki bayan ɗaki, a nemo rasit da tsofaffin hotunan waya, a tambayi maƙwabcin da ya ga motar. Kuma a hanzarta, kowace jiha tana da wa'adin shigar da ƙara.

Abin da har yanzu yake damuna shi ne lissafin diyyar. Kotu takan duba darajar tsohuwar kujera a yau, ba kuɗin sabuwa ba. Wanda ya kasa biyan kuɗin gida, da me zai ɗauki lauya ya yi shekara biyu yana shari'a da banki a kan tsohuwar kujera?

A huta lafiya.