Kyamarar laftof ta ɓace a Linux, ku zo mu nemo ta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau da waya nake ɗaukar bidiyon nan, na jingine ta a jikin littattafai, don haka in hoton ya ɗan karkace ku yi haƙuri. Dalili kuwa shi ne wannan laftof da ke gabana. Ta hannu ce, a nan ƙasar da nake zaune na saye ta, irin waɗanda ofisoshi ke sallamawa in sun sabunta kayan aiki. Na goge abin da ke kanta na sa Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux. Intanet ya kama, sauti ras, batir ba laifi. Sai da na zo kiran bidiyo da mutanen gida, suna jin muryata amma ba sa ganina. Na buɗe manhajar kyamara, ta ce ita ba ta ga wata kyamara ba.

To a nan ne mutane ke ɓata wa kansu lokaci. Da zarar an ga haka sai a ruga intanet, a kwaso umarni barkatai ana zubawa, wai ana neman direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da na'ura. Ni dai shawarata, kada ku saka komai tukuna. Tambaya ɗaya za ku fara amsawa: ita kwamfutar ta san akwai kyamara a jikinta kuwa?

Ku lura, baƙin hoto daban, rashin kyamara daban. In manhaja ta buɗe, 'yar fitilar da ke saman allo ta kunnu, amma hoton baƙi ƙirin, to ku shafa yatsa a wurin. Laftof da yawa suna da ɗan murfi da ake turawa ya rufe idon kyamara. Wannan ba matsalar Linux ba ce. Tawa kuwa fitilar ma ba ta ko ƙyafta ba.

Bari in matso da wayar ku ga allon. Na buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, zan rubuta lsusb, umarnin da ke jero na'urorin USB. Me ya haɗa USB da kyamarar da ke manne a saman allo? Yawancinsu ta hanyar USB suke magana da kwamfuta, sai dai wayarsu siririya ce, ta bi ta cikin maɗaurin murfin laftof ta sauka ƙasa, ba ku ganinta. Kuma kusan dukkansu ƙa'ida ɗaya suke bi, UVC, wadda direbanta mai suna uvcvideo ya shiga cikin Linux tun 2008. Shi ya sa na ce neman direba a waje yawanci wahalar banza ce, yana ciki tuntuni.

Ga abin da ya fito. Ga Bluetooth, ga na'urar karanta zanen yatsa, ga wasu layuka na mahaɗar USB ɗin kanta. Abin da nake nema layi ne mai kalmar Camera ko Webcam, ko sunan masu ƙera irin waɗannan kyamarori, kamar Chicony, Bison ko Sunplus. Babu ko ɗaya. Na ƙara da ls /dev/video*, inda Linux ke jera kyamarori, nan ma wayam. Sai sudo dmesg | grep -i uvc, don in ga ko direban ya taɓa yin motsi tun da aka kunna kwamfutar. Ku ba ni minti ɗaya, madannan nan na Jamusanci ne, Z da Y sun yi musanyar wuri, wannan tsayayyen layin (|) kuma sai an haɗa da AltGr yake fita. Yauwa. Shiru kake ji.

In lsusb bai ga kyamara ba, duk abin da za ku girka kamar kiran wayar da aka cire wa layi ne. Sai a koma baya, ga abin da ke iya katse ta tun kafin Linux ya tashi.

Na farko madannin Fn. Ku duba jerin F1 zuwa F12, ko akwai mai hoton kyamara. A wasu laftof ɗin wannan madannin cire kyamarar yake yi ɗungurungum daga USB, kamar an zare wayarta. Ku danna, ku sake lsusb. Tawa ba ta da shi.

Na biyu BIOS, wato saitin da kwamfuta ke fara karantawa kafin Linux ya tashi, kuma can na fi zargi, saboda tarihin kwamfutar. Wasu ofisoshi suna kashe kyamara a can don tsaro, kuma goge faifai ko sake sa sabon tsari ba ya taɓa abin da aka saita a BIOS, domin ba a kan faifan yake zaune ba. Ina sake kunna ta, ina ta danna F2. A wasu F1 ne, wasu F10, wasu Del, ya danganta da kamfani. Mun shiga. Ɓangaren tsaro, jerin na'urorin ciki... ku gani da idonku. Makirfo a kunne, Bluetooth a kunne, kyamara a kashe. Na kunna, na adana, na fita. Allah ya taimake ni ba su bar kalmar sirri a kan BIOS ɗin ba. In taku tana da ita, ku koma wa wanda ya sayar muku, kada ku tsaya cinke.

Mun dawo. lsusb ya nuna sabon layi. Na sa v4l-utils, kayan aikin duba kyamara a Linux, na rubuta v4l2-ctl --list-devices, ga video0 da video1. Kada ku ɗauka kyamara biyu gare ku. Ta farkon ce ke ba da hoto, ta biyun bayanan hoton kawai take fitarwa, in kuka zaɓe ta a manhaja ba za ku ga komai ba. Ga ni nan a allo, alhamdu lillahi.

Wanda lsusb ya ga kyamararsa tun farko amma ta ƙi aiki, nasa mai sauƙi ne. Ya sauke direban da sudo modprobe -r uvcvideo, ya mayar da sudo modprobe uvcvideo. Ya duba fuser /dev/video0, ko wata manhaja ce ta riƙe ta, don manhaja biyu ba sa jan hoto daga kyamara ɗaya kai tsaye a lokaci guda. Sai kuma izini a burauza.

Akwai rukuni na uku da ba na so in tsallake, don su ne ke shan wuya. Sababbin laftof sirara, musamman masu furosesar Intel ƙarni na 11, na 12 da na 13, wasunsu kyamararsu ba ta USB ba ce kwata-kwata. Ana kiranta MIPI, ɗanyen hoto take turawa zuwa wani sashe na furosesa mai suna IPU6, shi yake gyara haske da launi. Irin wannan lsusb ba zai taɓa ganinta ba ko da lafiyarta lau. Ku rubuta lspci, mai jero na'urorin cikin kwamfuta, in kun ga layin Multimedia controller na Intel, to ita ce. Direban karɓar hotonta ya shiga ƙwayar Linux (kernel) ta 6.10 a 2024, ita kuwa Ubuntu 24.04 da 6.8 ta fara fitowa, don haka ku duba uname -r ku ga inda kuke. Ko da sabuwar ƙwaya, sai an haɗa da manhajojin libcamera da PipeWire masu kai hoton ga sauran manhajoji, kuma ba kowane idon kyamara ne aka gama wa aiki ba. Fedora 41, wani nau'in Linux ɗin, ta zo da wannan a shirye ga wasu daga cikinsu. Ku sa ta a filasha ku tashi kwamfutar daga can ba tare da girkawa ba, ku gwada. Hoton ma in ya fito ba lallai ya kai yadda kuka saba kyau ba, wannan gaskiya ce.

In BIOS a kunne, ba MIPI ba ce, filasha ma ba ta gan ta ba, to ku buɗe lsusb kuna ɗaga murfin kuna saukewa a hankali. In kyamarar tana fitowa tana ɓacewa, siririyar wayar nan ce ta gaji a maɗauri, aikin mai gyara ne. Kafin nan kyamarar USB ta waje mai bin UVC za ta fisshe ku, ana sokawa take kamawa. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.